Sauron da Ba Ya Jiran Dare

Shekarar da zazzaɓin nan mai tanƙware mutum ya shigo unguwar New Bell, har 'yan dakon kasuwar Sandaga, ƙartin da ke saɓa buhun albasa kamar matashin kai, sai ga su suna bin bango. Manya dai sukan sha wuya su tashi. Jarirai ne ba tabbas. A layin su Naja'atu an riga an kai biyu makwanci.

Ita kuwa ɗanta ɗaya tilo, Hayatu, ko zama bai fara ba, kuma sai da ta sha ɓari kafin ta same shi. Tsoro ya hana ta sakat. Kafin a kira magariba ta garƙame tagogi, ta kunna maganin sauro, ta tura gefen gidan sauro ƙarƙashin katifa. Mijinta Badamasi har tsiya yake mata, wai a ɗakin nan iska ma sai ta yi sallama. Ruwan rijiyar unguwa kuwa ba ta yarda ya taɓa jikin yaron ba. Na sama take tara masa a wata ganga a tsakar gida, garau da shi, baki a buɗe don kada ɗigo ya wuce ta.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarta Zinariya ta dawo daga asibiti tana dogara sanda. Ta tarar da ita tana wanki, yaron yana barci kan tabarma a inuwar gangar, ko riga babu saboda zafi.

"Maman Hayatu, ɗauke shi daga nan! Dokta ya ce wannan ba sauron dare ba ne, da rana yake cizo. Le petit noir, ɗan baƙin nan mai zanen fari a ƙafa. Kuma ba ruwansa da kwata, a ruwa mai tsabta yake ƙwai."

Naja'atu ta leƙa gangar. 'Yan tsutsotsi ne ke ta wutsil-wutsil a ciki. Ta hankaɗe gangar, ta suri ɗanta, sai ga jajayen ƙuraje a cinyarsa. Ta manna goshinsa a kumatunta.

"Yaya Zinariya, taɓa min shi. Rana ce ta buge shi, ko?"

Zinariya ta ɗora hannu, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

"Ɗauko zanen goyo, sai asibiti," ta ce.