Ƙafafu Biyu a Kabarin Wilfred

A garin Swindon na Ingila direban jirgin ƙasa ba ya mutuwa a rufe shi haka nan, sai an sassaƙa masa kan jirginsa a dutsen kabari. Don haka da Wilfred Pocock ya rasu, matarsa Muriel ta sa aka yi masa nasa.

Ranar da aka kafa dutsen tsofaffin abokan aikinsa suka zo da baƙaƙen kwat, hula a hannu. Ko ɗaya bai karanta sunan mamacin ba. Ƙafafun jirgin suka duƙa suna ƙirgawa, don mutanen nan ko a gadon asibiti ƙafa suke ƙirgawa.

Horace Titcombe, wanda ya tsufa yana zuba wa Wilfred kwal a wutar jirgi, shi ya fara miƙewa, fuska ja wur.

"Huɗu a gaba, shida a tsakiya, biyu a baya! Muriel, wane ɗan iska ya yi wannan aikin? Mu 'yan kamfanin Great Western huɗu da shida muka sani, shi ke nan. Masu bindin ƙafa biyu a baya ai na kamfanonin arewacin Ingila ne!"

"To, sai me?"

"Sai me? Kin binne mutum ƙarƙashin jirgin abokan gaba! Wallahi ko suna gare shi a mashaya ba zai sake yi ba."

Wannan ya sosa mata rai, don Wilfred ba shi da wata dukiya sai mutuncinsa a wurin tsofaffin nan masu taurin kai. Amma ta juya ta tafi gida.

Washegari ta kawo furanni kabarin, sai ga Horace durƙushe da guduma da kurfi, ya saita ƙafar bayan jirgin.

"Taɓa ka gani," in ji ta.

"Haba Muriel, kuskuren masassaƙi nake gyarawa."

"Ba kuskure ba ne, ni na ce ya ƙara su. Kai da bakinka ka ce masu ƙafa a baya ba sa jijjiga direba. Naku kuwa tun Wilfred yana saurayi yake dukan ƙashin bayansa, har takalmi ya gagare shi ɗaurawa. Ku kuna mashaya kuna yabon kamfani, ni ke durƙusawa in ɗaura masa, ni ke shafa masa magani yana cizon matashi don kada yara su ji."

Horace ya ajiye gudumar.

"Ya gama muku aiki," ta ce. "Tafiyar nan doguwa ce. Ku bar min shi ya yi ta ba ciwo."