Duna a Cikin Turmi

Na tarar da samarin layinmu riƙe da sanduna a ƙofar Baba Obed, 'yarsa Martha ta tare hanya da muciya. Wai karensa Duna ya haukace, tunda yawu na dalala, haƙarƙarinsa duk a waje.

Baba Obed maƙwabcinmu ne. Ya baro garinsu Kakangi ba shiri, bai tsira da komai ba sai wannan karen. Ga shi asibiti sun sallamo shi ba don ya warke ba, ya kuma rantse ba zai ci komai ba sai abinci ya zauna a cikin Duna.

Daga ɗaki ya kira ni. "Auta, ka ƙi boko, ka ƙi zama wuri ɗaya. To yau yawonka ya yi rana, hau babur ka ɗauko likitan dabbobi."

Na ɗauko Malam Jumare yana mitar shi da shanu ya saba. Ya ajiye ruwa, Duna ya sha ba fargaba. Aka ba shi tuwo, jim kaɗan tuwon ya dawo yadda ya shiga, ba ko yunƙurin amai. Jumare ya ce samari su watse, ba hauka ba ne. Hanyar abincin ce ta saki kamar tsohuwar safa, shi ma sau ɗaya ya taɓa gani. Ba ta warkewa, amma in ya sha kunu mai kauri yana zaune a miƙe, aka bar shi haka ɗan lokaci, zai gangara.

Martha ta jawo tsohon turmi, ta sa tsumma, ta dasa Duna a ciki, ƙafafun gaba a kan baki. Muka fito da Baba kan tabarma. Ya yi dariya har da tari.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Turmi," in ji shi. "Martha, a ba talaka ma kunu."

Kunun Duna bai dawo ba. Baba ya shanye nasa.

Ya ƙara kwanaki, kullum tare suke karyawa yana yi wa karen kirari. Wata Lahadi da hantsi ya cika, bayan sun gama.

Ranar jana'iza matan coci na waƙa a tsakar gida, Duna na barci a bakin ƙofa cikinsa tim, masu shigo da tukwane suna tsallake shi.