Dangwalin Mamuda

Ranar da aka sa Malam Badaru cikin kwamitin sa ido kan gidajen yari, rabin unguwarsu a Kankiya ta zo taya murna. Matarsa Haulatu ta jira baƙi suka watse, sannan ta ce, "Malam, kai da akuyar gidan nan ma ta gagare ka tsaro, kai ne za ka sa wa gwamnati ido?" Bai yi musu ba. Tun da ya ajiye alli ya yi ritaya, babu abin da ya ƙware a kai kamar gyangyaɗi bayan azahar, kuma ya san ba don ƙwazo aka tuna da shi ba. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya samu kujera.

An ba shi wani ƙaramin gidan yari a shiyyar. Duk Talata sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya je, ya ɗanɗana miya, ya leƙa rijiya, ya tambayi fursunoni ko akwai kuka. Su ce babu. Shi ma ya ce madalla.

A shekarar nan aka ba wani kamfani kwangilar ciyarwa da gyare-gyaren gidan, ana ta raɗe-raɗin cewa in sun yi abin kirki za a miƙa masu wurin gaba ɗaya. Wakilinsu, Sharafaddeen, saurayi ne mai ƙamshin turare da ladabi, wanda ba ya son a ji wani mummunan labari ya fita daga gidan. Da aka samu labarin wani fursuna ya halaka kansa a wani gari, umarni ya sauko cewa kada a bar ɗaurarre da duk abin da ya yi kama da igiya. Sharafaddeen ya bi umarnin har ya wuce shi. Aka sare rassan bishiyar bedin tsakar gida, inuwa ta yi ƙaura. Aka zare mazagin wandon kowa. Daga ranar, duk wanda zai gaida Malam Badaru da hannu ɗaya yake gaisuwa, ɗayan yana riƙe da mutuncinsa.

Wata Talata cikin damina, gandiroba Kamalu ya tare shi tun daga ƙofa.

"Ranka shi daɗe, zo ka ga abin da muka iske ƙarƙashin tabarmar Bafillacen nan."

Bafillacen shi ne Mamuda, makiyayi daga wata ruga a bayan Mawashi. An kwaso shi ne a wani samame ranar kasuwa, yana jiran shari'ar da har damina ta sauka ba a kira ba. Abin da aka samu kuwa igiya ce doguwa, an tufka ta da zaren buhun da ya riƙa tsinta a bayan kicin, kuma a jikinta an jera ƙananan zarge.

Malam Badaru ya gane ta. Dangwali ne, igiyar da Fulani ke kafawa a ƙasa su ɗaure maruƙa a jere lokacin tatsa. Ya juya ta a hannu. Aiki ne mai kyau, babu inda ya yi sako-sako.

"Mamuda, mi za ka yi da wagga?"

"Na maruƙa ne, Malam."

"Ina maruƙan?"

Mamuda ya dubi katanga, kamar ta bayanta suke kiwo.

Nan Malam Badaru ya tsaya. Ya san dangwali ne. Ya kuma san igiya igiya ce, ba ta tambayar abin da aka tufka ta dominsa. Idanun mutumin nan sun yi zurfi kamar rijiyar rani. Idan ya bar masa, aka wayi gari da abin da ba a fata, wa zai ce ya yi? Sai ya yi abin da kowane ɗan kwamiti mai hankali zai yi: ya naɗe igiyar ya sa a jaka, ya ce Allah ya kawo ƙarshen wahala.

Talata ta gaba ya tarar an ware Mamuda a ɗaki shi kaɗai. An kwashe tabarma, an kwashe buta, an sa mai gadi a bakin ƙofa. Yana kwance ya ba duniya baya, kwanon tuwo na gefe ƙudaje suna walima.

"Tun randa aka amshe igiyar bai sa komi a baki ba, in ba ruwa ba," in ji Kamalu a hankali. "Ko magana ba shi yi."

Sharafaddeen ya ce, "Amma Baba, ka duba ɗakin. Babu abin da zai cutar da kansa da shi."

Malam Badaru ya duba. Gaskiya ne, babu. Babu kuma abin da mutum zai tashi zaune dominsa.

A gida igiyar ta hana shi barcin rana, abin da ko rashin fansho bai taɓa yi ba. Haulatu ta gan ta, ta ce za ta yi shanya da ita. Ya ce kayan gwamnati ne. Ta ce, "To gwamnati ta zo ta ɗauki abinta, ta cika mani ɗaki." Ranar Alhamis da hantsi ya ɗaure jakar a bayan babur, ya kama hanyar Kusada.

An yi ruwa da asuba. Gero ya kai ƙugu, ƙasa tana fitar da wani tururi mai ƙamshi, gajimare suna tafiya a hankali kamar garken da ya ƙoshi. Babur ɗin ya mutu sau da yawa, shi kuwa bai ji haushi ba. Bayan Mawashi ya yi tambaya, aka nuna masa wata 'yar hanya tsakanin gonaki, ya bi ta har ya fara jin kukan shanu.

Wata mace doguwa ta fito daga bukka da ƙwarya a hannu. Adda ce, yayar Mamuda, wadda ke riƙe da garken tun da aka tafi da shi. Ya faɗi ko shi wane ne, ya ɗan ƙara wa muƙaminsa gishiri, ita kuwa ba ta nuna ta ji ba. Igiyar take kallo. Ta karɓa, ta bi tufkar da yatsa, ta kai hanci ta shinshina.

"Hannunshi ne," ta ce. "Shina da rai ke nan."

"Shina da rai. Amma ya bar cin abinci." Sannan ya tambayi abin da ya kawo shi. "Adda, ke kin san shi. Don maruƙa ya yi ta, ko don kanshi?"

Ta sake bin tufkar da yatsa.

"Aradu ban sani ba, Malam. Zuciya ba ƙwarya ba ce balle in leƙa. Abin da na sani, tun shina yaro, in ranshi ya ɓaci igiya yaka tufka. Da Baffanmu ya rasu, sai da ya tufka wadda ta ishi ruga uku."

Ta dama masa fura da nono mai kauri. Ya sha, ya jingina da gindin kirya, barcin da ya guje shi ya dawo da ribarsa. A mafarki ya ga shanu farare suna ratsa katangar gidan yari kamar hayaƙi, suna shiga ɗaki ɗaki. Bedi ya mayar da rassansa. Fursunoni suna tatsa da hannu bibbiyu, wandon kowa a tsaye da ikon Allah, Sharafaddeen kuma yana bin wani bijimi da ladabi yana roƙon ya cire igiyar hancinsa.

Kukan maraƙi ne ya tashe shi. Rana ta karkata. Adda ta kafa sabon dangwalin, ta jera maruƙa, kowane da zargensa. Ɗaya ne kawai ya rage, wani ja mai farin goshi, yana zagaye 'yan'uwansa yana neman wuri.

"Wanga bayan tahiyarshi aka haihe shi," in ji Adda. "Bai san da shi ba."

Da zai tafi ta ɗaura masa damin ɓawon rama a bayan babur. Ba ta ce ga abin da zai yi da shi ba.

Bai jira Talata ba. Ranar Asabar ya shiga ofishin Sharafaddeen da damin rama a kafaɗa kamar mai tallar itace.

"Baba, umarni ya ce kada a bar fursuna da igiya."

"Ba za a bar shi da ita ba. Ni zan riƙe baki ɗaya. In na tashi in tafi da abina."

Sharafaddeen ya yi tunani. "In wani abu ya faru fa?"

"In an bar shi yadda yake, ai abin shina kan faruwa, ɗana. A hankali dai."

Saurayin ya dubi ramar, fuskarsa ta ɗan washe. "Za a iya kiran shi koyar da sana'a?"

"Kira shi duk abin da ka ga dama."

Kamalu ya buɗe ɗakin. Mamuda na nan yadda aka bar shi, sai dai ya ƙara zama ƙashi. Malam Badaru ya zauna a ƙasa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Na je rugarku. Adda na gaishe ka. Dangwalinka ya yi, sai dai ka yi kuskure."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Akwai maraƙi guda da ba ka yi wa wuri ba. Ja, mai farin goshi. Shina ta yawo kamar ɗan kwamiti."

Kafaɗar Mamuda ta motsa. Can, da wata murya kamar daga ƙasan rijiya, ya ce, "Uwarshi mai karyayyen ƙahon nan ce?"

Malam Badaru bai lura da ƙahon kowa ba, barci yake yi. "Ban duba ba," ya ce. "In na koma zan duba."

Mamuda ya juyo. Ya ga ramar. Ya miƙa hannu ya ja zare ɗaya, ya gwada ƙarfinsa, ya nemi ruwa ya jiƙa. Ya yi ƙoƙarin maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafarsa yadda aka saba, Malam Badaru ya ce a'a, wannan aikin gwamnati ne, ya karɓa ya riƙe.

Suka zauna a haka, igiya tana tsawo a tsakaninsu. Mamuda na tufka, yana tsayawa yana hutawa. Hasken rana ya sauko ta taga ya kwanta a kan ramar. Wani lokaci can, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya jawo kwanon kunun da Kamalu ya ajiye, ya kurɓa, ya ci gaba. Malam Badaru ya yi kamar bai gani ba. Kamalu ma ya ga wani abu mai muhimmanci a rufin ɗaki.

Da aka kira la'asar zarge ɗaya ya kammala. Malam Badaru ya fara naɗewa, ya kama bakin igiyar zai ƙulle.

"Kada ka ƙulle, Malam."

"Don mi?"

"In mai karyayyen ƙahon ta haihu, to baƙar saniyarmu ma ta kusa. Bayan girbi sai an ƙara wani zargen." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Ka dawo da ita Talata."

Malam Badaru ya sa igiyar a jaka, bakinta a sake, ya fita yana tunanin yadda zai gaya wa Haulatu cewa kayan gwamnati sun dawo ɗakinta.