Waƙar Cikin Tanki

Shekara ashirin da biyu na yi ina zaune a bakin ƙofar tanki da igiya a hannu, kuma duk wanda ya ce wannan aikin ragwaye ne, Allah ya isa tsakanina da shi. Ƙofar ba ta kai bakin rijiya faɗi ba. Ta nan mai fenti yake rarrafawa ya shiga tankin mai bayan an kwashe an wanke, ɗaya bakin igiyar a ƙugunsa, ni kuma ina waje ina gadin ransa. Wanda nake gadi Kang Tarmuji ne, yayan matata, mutumin da duk daffonmu na bakin teku, gabas da garin Cilacap, ba wanda ya kai shi iya riƙe bindigar feshi.

Mu ba agogo muke dubawa ba, waƙa muke saurara. Tsohon fenti da tina ake sirka shi, tina kuwa giya ce da ake sha ta hanci. Saboda haka na ciki zai yi ta waƙa yana aiki. Muddin baiti na bin baiti, lafiya lau. Da zarar ya fara nanata layi ɗaya, ko ya fashe da dariya ba dalili, ya bugu ke nan, sai in ja igiya. Sau goma sha ɗaya na jawo Kang Tarmuji a haka, yana tangaɗi yana zagina.

Waƙoƙin da kansa yake ƙirƙira, kuma kusan duk a kaina suke. Sanƙona ne, da ƙafafuna, da asarar da ƙanwarsa ta tafka da ta aure ni. Tanki kuma ya ɗauki muryar ya ninka ta, har direbobin da ke layi su ji su yi ta dariya. Ban taɓa jin haushi ba. Zagin nan shi ke gaya mini yana raye.

Sai doka ta zo. Aka ce duk fentin da ke tashi ya bi iska an hana shafa shi a tankokin mai, ciki da waje. Ni ban ga laifin dokar ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Unguwarmu tana bayan katangar daffon ne. In ana fenti a da, mata rufe tagogi suke, yara su wuni suna tari, shinkafa ma sai ka ji warin tina a cikinta. Wata biyu da canjin, aka koma shanya a waje.

Sabon fentin gwangwani biyu ake haɗawa, kauri gare shi kamar zuma, ba a zuba masa tina ko cokali ɗaya, warinsa kuwa sai ka kai hanci bakin bokiti. Injiniyar ɗan kwangilarmu, Bu Winarti, ta tara mu a inuwar tanki na huɗu ta yi bayani.

"Ku ji ni da kyau. Rashin wari ba shi ne rashin dafi ba. Wannan ba ya bugarwa, amma in feshinsa ya yi ta shiga ƙirji, wata rana ƙirjin zai rufe."

Ta ba Kang Tarmuji wata hula mai rufe kai har wuya, da tiyo mai kawo iska daga waje. Ni kuma ta ce daga yau zai riƙa girgiza igiya sau biyu jifa-jifa, alamar lafiya ke nan.

Muka ce to. Amma an ce sabo turken wawa, kuma ranar ni ne wawan.

Ya shiga da safe. Na zauna, na kasa kunne, ba abin da ke fitowa sai hucin bindigar feshi. Igiya ta motsa sau biyu, amma ai wanda ya bugu ma yana iya girgiza igiya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ko rabin awa ban yi ba na ɗauki sifana na ƙwanƙwasa jikin tanki.

"Kang! Ka mutu ne?"

Ya rarrafo bakin ƙofa, ya ɗaga hular, gumi na zuba.

"Kai kan kwakwa, gidanku ne ya kama da wuta?"

"Ba na jin ka, Kang."

"To ta ina za ka ji ni, an ɗura ni a buhu kamar gishiri?"

"Ni dai wallahi ba zan iya gadin shiru ba. Ka ɗan ɗaga abin nan zuwa goshi, ka yi waƙarka. In na ji ta karkace, in jawo ka kamar kullum."

Ya juya ya shaƙi iskar ciki, ya taɓe baki. "Ai ko wari babu. Dama ka yi kewar zagi ne, ka faɗi gaskiya."

Ya koma ciki da hular a goshi. Ni na ce ya ɗaga. Ina so a riƙe wannan, don ba inda aka rubuta shi.

Wata bakwai muka yi a haka, tanki shida. In an hango Bu Winarti sai in buga sifana sau uku ya sauke hular. Bai taɓa waƙa mai daɗi irin ta watannin nan ba, baiti ko ɗaya bai karkace ba, ban ja igiya ko sau ɗaya ba. Har alfahari nake a wurin mai kofi, wai sabon fenti kamar ruwan sha. Ƙuraje suka feso masa a wuya, ya ce zafi ne. Ya fara tari da asuba, ya ce taba mai kanumfari ce. Baitocin suka gajarce, yana tsayawa jan numfashi a tsakiya, na ce tsufa ne. Ni maye nake jira in ji, maye kuwa bai zo ba.

Wata Talata da hantsi, a tanki mai lamba tara, waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Ba nanatawa, ba dariya. Na ɗan jira, ina cewa tsani yake gyarawa. Da na ja igiya na ji nauyi. Ya fito leɓɓansa sun yi toka, ƙirjinsa na fito kamar butar shayi.

Ya rayu. Likita ya ce ƙirjin ya riga ya san fentin nan, ko ƙyas ya shaƙa zai sake rufewa, kuma abin da ya lalace ba zai dawo ba. Magani ne har ƙarshen rayuwa.

Bayan kwana huɗu Bu Winarti ta zo asibiti da takarda. Ina wurin, da matata, da matarsa Yu Kasmirah. Ba ta ɓoye mana komai ba.

"An ga fenti a cikin hancinsa, hular ba ta fuskarsa ke nan. In shi ya cire don kansa, ya karya ƙa'ida, daga ranar da asibiti ya sallame shi kamfani ya zare hannu. In wani a bakin aiki ne ya sa shi, wancan zai tafi, kamfani kuma ya ɗauki maganinsa." Ta juyo gare ni. "Pak Sarkawi, kai ne a bakin ƙofa."

Na buɗe baki, Allah ne shaidata na buɗe. 'Ya'yana huɗu suka faɗo mini a rai. Kafin in furta komai, Kang Tarmuji ya janye robar iska daga hancinsa.

"Ni na cire." Ya huta. "Zafi. Shi bai gani ba."

Ko kallona bai yi ba. Bu Winarti kuwa ba ta ɗauke ido daga kaina ba.

"Haka ne, Pak?"

Na ce, "Haka ne, Bu."

Na sa hannu a takardar. Da muka fito baranda Yu Kasmirah ta biyo ni tana kuka, ta kama hannun nan da duka hannayenta biyu.

"Dik Sarkawi, ƙanina, ba don kunnenka ba da gawa za a fito mini da ita. Me zan saka maka da shi?"

Yanzu Kang Tarmuji yana zaune a gida. Daga ɗaki zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau uku. Ya sayar da babur ɗinsa, maganin ma yana sha yana tsallake kwana. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Ni ina nan a bakin aikina.

Duk Juma'a Yu Kasmirah tana aiko mini da soyayyen tempe, wainar waken soya, a ganyen ayaba, tukwicin ceton mijinta. Ina ci, don in na ƙi matata za ta tambaye ni dalili.