Motar da Ta Ƙi Sauka

Yayana makanike ne, ni mai walda, shagona na jikin garejinsa. Tun muna yara shi ke kawo shawara ni in sha wahalarta, kuma har yau da furfura ta cika mana kai ba abin da ya canja.

Bayansa ne ya gaza. Mutum ya ƙare rayuwarsa kwance a kan kwali a ƙarƙashin motocin jama'a, me kake jira? Sai da ta kai in ya shiga ƙarƙashin mota, ni da maƙwabcinmu mai faci muke kama ƙafafunsa mu jawo shi waje kamar buhu. Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, Mai Allura muke ce mata, kuma ba ta san wasa ba. Ta kai shi asibiti, ta dawo da shi, ta tsaya a ƙofar gareji ta yanke hukunci: in ta sake jin ya kwanta ƙarƙashin mota, za ta garƙame wurin da kwaɗo, ta ɗauke shi zuwa gidanta ya zauna yana kallon talabijin da jikoki.

Na san Yaya. A rufe masa garejin nan, an gama da shi ke nan. Shi ma ya sani, don ranar ko abinci bai iya ci ba.

A bayan garejin akwai gawar wata tirela da ciyawa ta cinye. Da safe na tarar da shi tsaye a gabanta, ya dafe ƙugu yana murmushin nan da na tsana.

"Ƙanena," ya ce, "tunda an hana ni sauka wajen mota, ai sai motar ta hau sama ta ba ni wuri."

Wai za mu ciro jakunkunan robar nan na iska da ke ɗauke wa tirela nauyin kaya, mu ciro dogayen ƙarafan sifirin da ke wajen tayoyinta mu mai da su hannuwa. In an hura jakunkunan, su tura hannuwan, hannuwan su ɗaga dandamali, mota na kai. Iska kuma mai faci zai aiko mana ta tiyo daga injinsa. Na ce masa hauka ne. Ya ce to. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce to. Kafin azahar ina durƙushe da baƙin tabarau ina walda, ina zagin kaina.

To, duk wanda ya yi aikin manyan motoci ya san babban abokin gaba shi ne iskar da ke zurarewa. Yaya in ya ji "tsss" a jikin bututu, ko yana barci sai ya tashi. Haka ya bi aikin nan gaɓa-gaɓa da ruwan sabulu, duk inda kumfa ta taso ya nuna da yatsa ya ce, "Toshe." Na toshe. Akwai wani ɗan famfo da muka samu a jikin bututun tirelar, shi ma yana ɗan huci. "Toshe." Na liƙe shi ƙam. A mashigar iskar kuwa ya sa abin nan irin na bakin taya, mai barin iska ta shiga ya hana ta komawa, wai kada mai faci ya sace mana ita.

Muna gama haɗawa, ko gwaji ba mu yi ba, sai ga motar Mai Allura. Ashe wani mai dogon baki ya kai mata labari. Ta kalli abin daga sama har ƙasa, ta hau da motarta kan dandamalin, ta kashe, ta naɗe hannu a ciki.

"Uwata, fito mana," in ji Yaya.

"Ba inda za ni, Baba. In ba zai iya ɗaukata ba, ba zai tsaya a kanka ba."

Mai faci ya ta da inji. Ƙarafan suka yi ƙara, jakunkunan suka kumbura, wallahi sai ga mota na tashi a hankali, lafiya lau, har ta wuce kanmu. Na yi maza na kafa matokaran ƙarfe da na tanada. Masu wucewa suka taru suna tafi, mai faci na washe baki kamar shi ya ƙera.

"Na gani," ta ce ta taga. "Ku sauke ni, aiki zan koma."

Yaya ya kalle ni. Na kalle shi. Sai a lokacin muka tuna da ɗan famfon nan mai huci. Ashe shi ne ƙofar fitar iska.

Mai faci ya ce a kawo ƙusa a huda jaka ɗaya. Yaya ya ce sai dai a huda idonsa. Ni kuma na ce in aka huda ɗaya, motar za ta karkace ta zubo mana da yarinya. Tana sama tana jin komai. Abin da ta faɗa mana ba zan maimaita ba, amma ban taɓa sanin ana iya wanke mutum tas ana ce masa Baba Ƙarami ba. Na ruga na aro tsani wajen mai fenti, na riƙe mata, ta sauko takalmi a hannu, tana huci, tana neman ubanta.

Yana ƙarƙashin motar, a tsaye. Bai taɓa komai ba, ko sifana bai ɗauka ba. Ya goya hannu a baya yana tafiya daga gaba zuwa baya, ya ɗaga kai yana kallo kamar wanda aka kai sabon ɗaki.

"Ashe haka cikin mota yake in mutum na tsaye," ya ce, shi kaɗai. Idonsa ya kawo ruwa.

Ta daɗe tana kallonsa. Ni dai tausayinsu su biyun ya kama ni, har na rasa inda zan sa idona. Can ta sa takalminta, ta zo kusa da ni ta rage murya.

"Baba Ƙarami, ku fasa wa iskar nan ƙofa. Matokaran nan kuma a ƙara su, ban yarda da su ba."

Ta tari tasi ta tafi, ta bar mana motar a sama. Yaya ya leƙo daga ƙarƙashi.

"Ta ce a rufe garejin?"

"Ta ce a ƙara ƙarfe."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hannun riga, ya ce in miƙo masa fitila.