Gurbin Hure

…to, ya buga ƙarfen, sai kuma me? Tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a reshen darbejiya, shi bai san an yi mutuwa ba. Yara suna fitowa, suna jeruwa gaban ajujuwan 'yar makarantar nan ta Katolika, Malam Dabo yana tsaye, hannu a baya, kamar kullum. Kamar kullum ɗin ne?

Layi duk ya yi giɓi. Sanƙarau… tun shigowar bazara yake ɗauka, ba ya tambayar na coci ko na masallaci. Ga gurbin Mani. Ga na Jumma. Ga kuma na gaba — a'a, kada ya duba. Yaran ma sun ƙi matsawa, sun bar wurin fili, daidai faɗin yarinya guda.

Hure. 'Yarsa. Ita ke ɗauko waƙar addu'ar safe, sauran su amsa. Murya siririya, haɓa sama, kamar uwarta a wurin daɓe… "Baba, wuyana." Amalanken shanu, hanyar asibitin Bici, rana tsaka, gonaki fayau babu ko kara, kanta a cinyarsa da zafi kamar dutsen guga. Malam Uwaisu maƙwabcinsa ke kora shanun, yana salati ƙasa-ƙasa. Ba su kai kwalta ba ya waiwayo, ya dubi yarinyar, ya tsaya. Rai ya yi halinsa. Ya juya kan shanun gida.

Fada, limamin coci, ya zo daga Kano a babur, ya ce tana wurin Ubangiji. To. Shi ma Dabo abin da yake gaya wa iyaye ke nan, baki ya riga ya san hanya.

Shiru. Shi suke jira. Wa zai ɗauko waƙar?

Sai ga waƙar. Daga baya take tasowa, daga gindin darbejiya, inda 'ya'yan Musulmi ke tsayawa har a idar da addu'a. Murya siririya, tana rawa. Ƙirjinsa — a'a, a'a, matattu ba sa zuwa taron safe. Huseina ce, 'yar Uwaisu, abokiyar ɗiban ruwan Hure. Yaushe ta haddace? Duk shekarun nan baki rufe, ashe kunne a buɗe. Har inda Hure ke jan numfashi, nan ita ma take ja…

Alkawari fa. Ya ɗauka a zauren mai gari, gaban liman, gaban Uwaisu: ku ba ni yaranku, karatu kawai, ba ruwansu da addu'armu. A kan maganar nan makarantar take tsaye. Kafin azahar labari ya kai rijiya, kafin la'asar ya kai zaure, gobe kowa ya riƙe ɗansa a gida. Uwaisu, mutumin da ya tuɓe riga ya taya shi haƙan kabari… da wannan zai saka masa?

Amma baiti ɗaya. A bar masa baiti ɗaya mana. In ya rufe ido ga Hure nan a gaba, ƙafa duk ƙura, ɗankwali ya zame. Yaran sun fara amsawa, a tsorace, suna satar kallonsa…

"Huseina." Muryarsa ce wannan? "Ya isa, 'yata. Bari."

Ta yanke a tsakiyar kalma. Sauran muryoyin suka zube ɗaya bayan ɗaya. Tana kallonsa, ba kuka take ba, kallon me na yi ne. Ba ki yi komai ba. Babu wanda ya yi komai, shi ne abin…

Saura addu'a. Hannu ya tafi goshi da kansa, zai yi alamar gicciye.

"Da sunan Uba…"

Sun maimaita, suna jiran sauran. Uba. Ranar kasuwar Bagwai mai gishiri ya ce masa Baban Hure, sannan ya kama bakinsa. Uba… Shi ma Ubangiji ai an binne masa Ɗa, haka yake koya musu. Amma Shi kwana uku kawai ya jira. Shi kuwa Dabo?

Hannun yana goshi, ya ƙi saukowa ƙirji. Rana tana ta hawa. Suna jira…