Irin da Na Sa Aka Daka

Buhun gishiri guda, babu komai a ciki. Goro ashirin a ganye. Sukari kwali ɗaya. Gorar ruwa. Littafin rubutu mai baƙin bango. Keken aro.

Abin da ke tare da ni ke nan ranar da na sauka daga motar Gaya a kasuwar Ajingi, cikin watan Mayun 1974. Ƙauye goma na riga na bi. Hadari yana haɗuwa a gabas kullum da la'asar, ya watse. Kwana kaɗan ya rage a yi shuka, ni kuwa irin gero nake nema, wani gajere mai baƙin ido da ake ce wa ɗan-tsugunne a gidanmu. Cikin tafin hannu ɗaya ma ya ishe ni.

Sunana Bubayero. A Kademi aka haife ni. Shekara shida na yi a Ingila ina karatun aikin gona. Mu huɗu ne a gida ɗaya, littattafai da yawa, lokaci kaɗan. Sai muka yi dabara: kowa ya karanta ɗaya, ran Asabar ya faɗa wa sauran abin da ke ciki a layi biyar. Ni ne mai rubutawa. Da na dawo a 1969, littattafai arba'in da uku ne a cikin baƙin littafin nan. Bakwai kawai na karanta da idona.

Layi huɗu na fi so. Na kimiyya ya ce mai ƙarfi ke wanzuwa, rarrauna ya ba da wuri. Na kasuwanci ya ce ka gano abu ɗaya da ya fi ba da amfani, ka zuba komai a kansa. Na halayyar ɗan Adam ya ce mutum yakan riƙe abin da ya saba ko da yana cutarsa, dalili kuma daga baya yake ƙirƙiro shi. Na tarihi ya ce al'ummar da ta ƙi canzawa, wata ce ke zuwa ta canza ta.

Da su na yi aiki lokacin da aka naɗa ni malamin gona. Na kawo wa Kademi sabon irin gero, dogo, zangarniyarsa kamar hannun mutum. Yana son ruwan kwana ɗari. Ɗan-tsugunne kwana sittin da biyar yake yi ya nuna, amma zangarniyarsa ba ta wuce taƙi ba, fura kuma baƙa take fitowa. Gero yana barbara da na kusa da shi ta iska, don haka na ce kada a bar tsohon iri kusa da sabo, zai ɓata shi. Daminar farko aka cika rumbuna har aka gina sababbi. Ranar da aka gama ɗaukar dami na ce kowa ya sauko da tsohon irinsa a dake. Aka saurare ni. Ina da babur da hular gwamnati, ga kuma rumbunan.

Innata ce ta ƙarshe. Nata yana rataye a ɗakin girki, inda hayaƙi ke kare shi daga ƙwari. Ta ce uwarta ce ta ba ta, ita ma tata uwar.

Na ce, "Inna, sabo ne kawai. Ba wani dalili."

Ta dube ni, ta hau turmi ta sauko da shi. Ita da kanta ta sussuka, ta surfa, ta daka, ta dama fura ta kawo mini a ƙwarya. Na sha.

A 1972 ruwa ya ɗauke da wuri. A 1973 ya ɗauke tun kafin haka. Dogon gero ya tashi ya fi ni tsawo, ya fitar da kai, ya tsaya a nan, zangarniya babu ido. Gida goma sha ɗaya suka tashi daga Kademi. Inna ta rasu cikin azumin shekarar. Tari ne, in ji likita, kuma ina aiko da buhu daga Kano, inda aka mai da ni ofis. Na faɗi haka ga mutane da yawa waɗanda ba su tambaye ni ba.

Bayan sadakar arba'in na nemo littafin kimiyyar nan na karanta shi daga bango zuwa bango. Babu kalmar "mai ƙarfi" a inda na zata. Cewa ya yi wanda ya dace da wurinsa da lokacinsa. Akwai babi guda a kan cewa jinsi yana tsira ne saboda 'ya'yansa ba iri ɗaya ba ne: in zamani ya juya, wanda aka raina yana iya zama shi kaɗai ya rage. Abokina da ya taƙaita mana shi yana da jarrabawa a makon.

Tun daga nan nake jin daka. A ofis, hawa na biyu, tsakar rana, inda babu turmi ko ɗaya. Taɓarya guda, ba gaggawa. Ba na tsorata. Ina dai ajiye alƙalami har ta gama.

A kasuwar Ajingi rumfunan hatsi rabi babu kowa. Abin da ke kan tabarmi jar dawar agaji ce. Na tsaya gaban wani mai awo, dattijo mai tsagar Barebari a fuska, Bala sunansa. Ya dubi takalmina, ya dubi hancina.

"Yau na yi sa'a, bawana ya zo da kansa. Ina shanun, Bafulatani? Ko ka musanya su da wandon nan?"

"Sun tafi neman ubangijinsu a Barno, suka tarar ba shi da ko akuya."

Ya yi dariya har ya buga ƙwaryar awo a ƙasa. "Zauna, zauna. Me za a auna maka?"

Na kwatanta masa irin. Dariyar ta tsaya.

"Mutanen Kademi ne suke da wannan. Ai an ce wani yaronsu ɗan boko ya sa suka cinye shi."

"Ni ne."

Ya gyara tsibin dawar da ba ta bukatar gyara. "To," ya ce. "Allah Ya kyauta." Can ya ƙara, "A kasuwa kam ba za ka samu ba, iri ba ya zuwa kasuwa bana. Amma akwai wata tsohuwa a Gafasa, Barira. Daga wajenku aka auro ta. Bara kowa ya tashi hannu wofi, ita ta ɗaure dami huɗu, har aka fara cewa tana da wani abu. Ka je da goro. Kada ka je da bakin nan naka."

Na san sunan. Ƙawar Innata Hanne ce tun suna 'yan mata.

Na isa Gafasa bayan azahar. Gonaki an share su, an watsa taki, ana jira. Gidan Barira yana ƙarshen gari, dangar kara ta kwanta gefe ɗaya. Na yi sallama sau uku. Ta fito da kanta, gajeriya, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro da sukari. Ba ta taɓa su ba.

"Ba sai ka faɗa ba," ta ce. "Goshin Hanne ne. Kai ne Baturen."

"Ni ne, Iya."

"Ka yi ƙiba."

Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta juya ta shiga ɗakin girki, ta bar ƙyaure a buɗe. Daga inda nake na hango zangarniyoyin irin a rataye a jikin azara, hayaƙi ya mai da su baƙi. Na ƙirga. Tara.

"Ka gama ƙirgawa?" ta ce daga ciki. "Tara ne. Sauran mun ci, ni da jikokina, kafin ubansu ya zo ya kwashe su. Waɗannan na kwana da yunwa a ƙarƙashinsu wata biyu ina kallonsu."

"Biyu kawai nake roƙo, Iya. Zan kai tashar gwaji, a ninka shi, a raba wa Kademi duka."

"Uwarka uku ta roƙa."

Ban gane ba. Na ce mata ban gane ba.

Ta fito ta zauna a bakin ƙofa. "Shekarar da ruwa ya fara ɗaukewa. Kafin shuka, kamar yanzu. Da ƙafa ta zo daga Kademi, ta ce wa mutanen gida biki za ta. Ta ce, Barira, yaron nan yana da ilimi, amma gabana yana faɗuwa. Na ba ta uku. Ta ce bayan rumbu za ta shuka, inda ba ka zuwa."

Na je. Ina tuna ranar. Na zo duba gonaki cikin watan Yuli, na zaga bayan gida don in kama ruwa, na ga gajeren gero ya kai gwiwa, ya fara ciki. Na ce gyauro ne, tsohon iri da ya zube ya tsiro da kansa. Na tuge shi duka, na zuba wa awaki. Na shiga gida na ce wa Inna a riƙa lura. Ta ce to. Ta tambaye ni ko zan ci abinci.

"Na ɗauka gyauro ne," na ce.

"Gyauro a jere yake fitowa?"

A jere yake. Layi biyar, taku ɗaya tsakanin kowane rami. Na gani a lokacin. Sai dai na riga na san amsa kafin in zaga bayan rumbun.

Wata mata a maƙwabta ta fara daka. Na saurara sosai don in tabbatar Barira ma tana ji. Ta juya kai wajen, sai na san ta gaske ce.

"Ta dawo bayan nan?" na tambaya.

"Ta aiko. Ta ce kada in sake ba ta, asara ce."

Na jira ta ce ba laifina ba ne. Ba ta taimake ni ba.

"Ji nan, ɗan Hanne. Ba zagin ka zan yi ba, ba ni da ƙarfinsa. Sau biyu irin nan ya shiga gidanku, sau biyu ya mutu a hannunka. Ba zan ɗora na uku a hannun ba. Kuma mu ba ma ba da shi a buhu. Yadda aka ba uwata, yadda aka ba ni: wanda ya bi shi tun daga rami, ya yi noman fari, ya yi maimai, ya kore masa tsuntsu, shi ake kira ran girbi a ce zaɓi naka. Hanne ta taɓa noma shi da ni, shi ya sa na ba ta. Kai ko kamanninsa ba ka sani ba."

"Ina da aiki a Kano, Iya. Litinin zan koma."

"To ka koma."

"In na jira kaka, Kademi ta rasa bana."

"Ta riga ta rasa. In na raba tara, ni ma na rasa."

Na yi lissafin a kaina, na ga daidai ne. Na kuma ga ɗakin girkin ba shi da kuba, ita kuma ba ta gani sosai. Wannan ma na lissafa shi. Ina rubuta shi a nan domin kuwa haka aka yi.

"Waye zai yi miki huɗa bana?"

"Allah."

"Akwai garma a gidan?"

"Akwai ta mijina. Ta fi ƙarfin mai wando." Ta dafa bango ta miƙe. "Ka ɗauki sukarinka, ba ni da haƙorin da zai gode maka. Goron ka bar shi."

Ta shiga ɗakin girki ta ja ƙyauren, na ji ta tokare shi da itace daga ciki.

Na matsa kusa yadda za ta ji.

"Iya, ba zan koma Kano ba. A gonarki zan yi daminar nan."